Bille a Cikin Gilashi

Ni ba wani karatu mai zurfi na yi ba, amma wanda ya binne nasa yakan gane ciwon ɗan'uwansa. Tun rasuwar mai ɗakinka na lura kana raina ɗan abin da ta bar maka, hankalinka yana kan wanda babu. Zauna ka ji wani misali.

An yi wani mutum da ke aiki a inda ake sassaƙa gilashi da hasken leza. Ba gizago, ba wuƙa. Na'ura ce ke tattara haske ya yi tsini fiye da bakin allura, ya ratsa bayan gilashin bai ƙwarzane shi ba, sai can a tsakiya ya ajiye ɗigo. Ɗigo bayan ɗigo, har a fitar da 'yan ƙananan madubai na kayan likitoci, waɗanda ƙwayar gero ta fi su girma. Sai dai kowane ɗigo 'yar tsaga ce, don haka ake barin tazara a tsakaninsu, kuma inda haske ya bi ba a sake mayar da shi.

Matar mutumin nan ta rasu wurin haihuwa, ta bar masa jaririya. Marigayiyar ba mai son hoto ba ce, guda ɗaya tak ya rage a wayarsa. Ya nemi izini a wurin aiki, ya zana fuskarta a cikin wani dunƙulen gilashi kamar sabulun wanka. Ba a jima ba wayar ta faɗa kwata, ta tafi da hoton. Gilashin nan ya zama shi ke nan fuskar da yarinyar ta sani ta uwarta. Da ta yi wayo, kullum da safe sai ta kai shi bakin ƙofa, ta juya shi ga rana har fuskar ta fito, ta ce, "Umma, ina kwana."

Shi kuwa uban abu ɗaya ke cin ransa. Daga nesa aka ɗauki hoton, billen da wanzamin garinsu ya yi wa matar a kuncin hagu bai fito ba. Da billen nan yake tsokanarta tun suna saurayi da budurwa. Duk sanda ya duba gilashin sai ya ga kamar wata ce mai kama da ita. Wata rana ya sa shi a aljihu ya tafi da shi wurin aiki. Abokin aikinsa ya ce, "Malam, bar baiwar Allah nan yadda take. Gilashin da ya sha wuta ba ya son ƙari." Ya ce, "Layi ɗaya ne fa. Ko ido rufe na san inda yake."

Ya kuwa san inda yake. Hasken ya sauka daidai gefen hanci, ya fara gangarowa. Sai aka ji ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Sabbin ɗigon sun haɗe da tsofaffin, tsaga ta tashi daga kunci ta ratsa idanu biyun, ta yi fari fat kamar ƙanƙara. Ya ciro gilashin yana shafawa. Bayansa sumul, babu inda za a liƙe, domin karayar a ciki take.

Da ya koma gida yarinyar ta tarye shi, ta zaro gilashin daga aljihunsa, ta ruga bakin ƙofa. Ta juya shi nan, ta juya can, ta goge da bakin zanenta, ta sake ɗagawa. Sannan ta waiwayo ta ce, "Baba, Umma ta rufe fuska. Fushi take yi da ni?"

Ya durƙusa ya rungume ta, gilashin yana hannunta.

Abin da ya rage a hannunka, riƙe shi yadda yake. Hausawa sun ce, garin neman gira akan rasa ido.