Gidanmu An Gama Jira

Ranar da aka bugo daga masana'antar da mijina yake aiki cewa ya faɗi bai tashi ba, ranar ce ƙanƙarar farko ta sauka a Detroit. Ita yake jira. Kullum cewa yake mai hankali ba ya sayen mota mai ƙarfi da rani, sai sanyi ya shigo masu ita sun gaji da ajiya sun karya farashi. Shekara da shekaru sanyin na zuwa yana wucewa, shi kuma yana cewa sai baɗi.

Bayan jana'iza dillalin motoci ya kira wayarsa, na ɗauka.

"Ki gaya wa maigida baƙar Camaro ɗin nan ta sauko. Ya kawo akori-kurarsa mu yi musaya."

Na ce, "Ga ni nan zuwa."

Ɗana ya tare ƙofa. "Mama, ke da ko giyar mota ba ki iya sawa ba? Motar Baba ce fa za ki bayar."

"Babanka ya tsani akori-kurar nan. Matsa min."

Da muka gama musayar, dillalin ya ce in kulle Camaro ɗin a gareji sai bazara, domin gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe, kuma haka kowa yake yi.

Na ce masa gidanmu an gama jira.

Ta yi ta mutuwa a hannuna kafin na kai gida, amma na kai. Yanzu kowace safiya nakan bi ta ƙofar masana'antar, in taka totur har masu gadi su leƙo. In na dawo sai in durƙusa da ruwan ɗumi, in wanke mata ƙarƙashinta tas.