Tsibirin Toufik

Hajiya Salimatu ta cusa ledar dabino ta uku cikin akwati, ta zauna a kansa don ya rufu. Jibi suna, kuma ta rantse ko za ta nutse sai ta ga jikanta.

Shekara biyu ke nan da ɗanta Toufik ya kwashi matarsa Inaya suka bar unguwar Small Heath a Birmingham. A da ƙofarsu na kallon tata. Tana da makullin gidansu, tana shiga ba sallama, ta buɗe tukunya ta ƙara gishiri, ta tambayi Inaya yaushe za a ga ciki. Rana ɗaya Toufik ya ce ya sami aiki a wani tsibiri can bayan Scotland, inda jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a mako. Hajiya kuwa ko gada za ta haye sai ta runtse ido.

Duk da haka ta san tsibirin fiye da mutanensa, kuma matan islamiyya sun sha labari har sun gaji. Mutum tamanin, tumaki dubu. Shago ɗaya ne, shi ne gidan waya, shi ne dandalin gulma. Ba a kulle ƙofa, maƙwabta kan ajiye wa Inaya kifi a bakin taga. Ranar Juma'a Toufik ne liman, shi ne ladan, shi ne sahun gaba. Network sai an hau dutse, don haka waya sau ɗaya ce a mako. Wata rana ta ji ƙara kamar ta birki a bayansa, ya ce saniyar maƙwabci ce ke mura.

Mijinta, Alhaji Jibrilu, shi ke wakiltarta duk bayan wata biyu. Yakan dawo da labarin igiyar ruwa da amai, amma kumatunsa cike. Iskar teku ce, in ji shi.

Da aka yi haihuwa, Alhaji ya ce ana guguwa. Ya ce jirgin ya tsufa. Ya kawo maganar hawan jininta da abin da GP, likitanta, ya faɗa. Hajiya ta sayo rigar ceto mai ruwan lemo, ta gwada ta a kan abaya, ta yafe wa duk wanda ta yi faɗa da shi a layin, ban da mutum biyu.

A Manchester za su canza mota, da jiran awa uku. Ta ce a kai ta unguwar Rusholme, tunda tsibirin ba mahaucin halal. Alhaji ya roƙe ta su zauna a tasha, ta yi gaba abinta. A ƙofar shagon naman ya tsaya waje, ya ja hula har gira, yana karatun jadawalin bas kamar zai yi jarrabawa.

"Kilo biyar, a ɗaure sosai," ta ce wa mahaucin, wani Bahaushe da ake kira Nuru. "Teku zai haye."

Nuru bai ji ta ba. Ya hango na waje, ya ɗaga wuƙa yana dariya.

"Alhaji! Barka da jika! Ka ce wa Toufik ragon suna ya iso. Zai zo da kansa ne, ko in kai masa gida nan Gorton kamar kullum? Ai ten minutes ne."