Manomin da Ya Cike Ramin Mahaifinsa

Tunda ka ce duk abin da ba ka ga amfaninsa da ido ba kawar da shi za ka yi, to natsu ka ji wannan, kuma kada ka katse ni.

Wani manomi ne ya gaji gonar shinkafa a ƙasan madatsar ruwa, inda ake noman rani. Mahaifinsa ya saba zuba 'ya'yan kifin karfasa a ruwan gonar da zarar an gama dashe. Kifin ya cinye tsutsa da ƙananan ciyayi, kashinsa ya zama taki, in girbi ya zo gida ya samu na tuwo ya samu na miya. A gefen gonar kuwa tsohon ya haƙa wani dogon rami mai zurfin ƙugu, ba a dasa komai a cikinsa. Nan kifin ke gangarawa in rana ta take, nan yake fakewa in ruwa ya ja baya. Da tsohon ya kwanta dama, sai ɗan ya riƙa tsayawa a kan kunya yana duban ramin, abin yana ci masa rai. Buhunan shinkafar da wurin zai iya bayarwa kaɗai yake gani. Matarsa ta ce, "Malam, ramin Baba ne fa. Ba a banza ya karya bayansa a kai ba." Ya ja tsaki ya ce, "Baba ya yi zamaninsa. Gona duk ruwa ce, me rami zai ƙara wa kifi?" Ya yi ta jidar ƙasa har ya cike shi, ya dasa shinkafa har gindin kunya, ya zuba kifi fiye da yadda aka saba. Gona ta yi kore shar, masu wucewa suna yabawa, shi kuwa har takunsa ya sake.

Shinkafa ta fara ɗaukar ciki ke nan sai babbar magudana ta fashe can sama, aka rufe ruwa don gyara. Maƙwabta masu rami ko gezau, kifinsu ya gangara ya kwanta abinsa. Shi kuwa ruwansa ya sauka daga ƙwauri zuwa idon sawu, daga nan ya koma laka mai ɗumi kamar kunu. Kifin ya yi ta ɗago baki yana birgima a tsakanin gindin shinkafa, ba wurin zuwa. Balbela da zalɓe suka sauko kamar an gayyace su biki. Mutumin ya zari fartanya ya hau tonon ramin da ya cike da hannunsa, yana tumɓuke shinkafar da ya dasa, gumi na shiga masa ido, amma ina ruwan da zai shiga ramin? Matarsa da 'ya'yansa suka bi gona da daro suna tsinta. Rabi ya riga ya kumbura, sauran bai kai tafin hannun yaro ba, ko banda ba ta karɓe shi ba. Wari ya hana kowa bin hanyar.

Ruwa ya dawo, amma ya tarar da gona ba mai gadi. Tsutsa ta shige kara, kawuna suka fito fari fat, ka murza ka ji ƙaiƙayi. A shekarar nan miyar gidan lami ce, tuwo kuwa sai an auna, kuma kafin damina ta faɗi buhun ƙarshe ya kwanta. Matar takan ajiye masa kwano, ya buɗe, ya ga ta rage nata ta ƙara wa yara.

Abin da magabata suke nufi ke nan da suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.