Saiwar da Ɗalhatu Ya Aika Gida

Shekara uku ke nan Ɗalhatu yana gadi a wani ɗakin binciken magunguna a Doha. Mutumin Funtuwa ne, mai kirki da son iyalinsa, sai dai in ya ji farkon magana ba ya jiran ƙarshenta. Abokan ɗakinsa a unguwar Mansura har Dakta suke ce masa don tsokana, shi kuwa amsawa yake.

A gida, bayan hutun da ya je bara, matarsa Haulat ta haifi 'yarsu ta fari, Ummi, tiyata aka yi mata. Bayan suna sai wurin ɗinkin ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. A asibiti aka wanke ciwon, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu, aka ce kada ta tsallake ko sau ɗaya.

Kullum ya kira ta, kuka ɗaya take yi masa. "Baban Ummi, maganin nan amai yake sa ni, kuma ban ga sauƙi ba." Hankalinsa ya tashi, ga nisa, ga shi ba abin da zai iya yi mata.

Wata safiya ya taya Dakta Lin, wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, shigar da kwalaye. A kan teburinta ya ga wata busasshiyar saiwa mai ruwan ɗorawa, ya tambaya. Ta ce tsohon maganin gargajiyar ƙasarsu ne. Ta nuna masa faranti biyu na gilashi, ɗaya cike da ƙwayoyin cuta, ɗayan kuwa tsakiyarsa fes.

"Wasu ƙwayoyin cutar suna fitar da wani sinadari, mu muna ce masa inzayim," in ji ta. "Kamar almakashi yake, yana datse maganin asibiti kafin ya yi aiki. Ruwan saiwar nan yana toshe bakin almakashin."

"Ashe magani ya samu!" in ji Ɗalhatu.

"A'a, tukuna. Wannan farantin da maganin asibiti a cikinsa, shi ne mai kisan, saiwar taya shi ta yi. Kuma a faranti ne. Ba mu gwada a jikin mutum ba, ba mu san adadin da ya dace ba."

Ya ji ta sarai, amma idonsa na kan farantin nan mai haske. A ransa ya ce masu ilimi dama haka suke, komai sai sun yi masa kaffa-kaffa.

Da ya tashi aiki, bai zame ko'ina ba sai wani ɗan shagon kayan Asiya. Ya sayi saiwar ƙulli biyu, ya kai wa wani ɗan garinsu da zai tafi hutu washegari. Sannan ya kira Haulat.

"Ki ajiye ƙwayoyin nan, khalas, shi ke nan. Ki riƙa dafa saiwar da na aiko miki kina sha safe da yamma. Da idona na ga aikinta."

Yayarsa Shetu, wadda ke jinyar Haulat, ta karɓi wayar. "Ɗalhatu, likita fa ya ce kada a tsallake."

"Yaya, ni da nake cikin likitocin duniya? Ku dai ku yi abin da na ce."

"Ni ban yarda ba," in ji Shetu. Ta ci gaba da ɓallo maganin tana miƙa wa Haulat da ruwa, kamar kullum.

Kwana takwas da isar saƙon, cikin Haulat ya kumbura, ta daina gane mutane. Da aka koma asibiti, likita ya ce cutar ta riga ta shiga jini. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi ranta. Ɗalhatu yana tsaye a bakin ƙofar wurin aiki, cikin kakinsa, labarin ya same shi. Kafin kafil ɗinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, ya sa hannu a takardar hutu, an kai ta makwanci.

Yana zaune a filin jirgin Hamad yana jiran tashi, Shetu ta kira, muryarta a dashe.

"Ina kakkaɓe katifarta na ga maganin a ƙarƙashi, a ƙulle cikin gyale. Ashe duk wanda na ba ta ɓoyewa take. Na tuna ranar da na ce mata ta bi maganar likita, ta yi murmushi ta ce, 'Yaya, Baban Ummi ba zai cuce ni ba.'"

Wayar ta faɗi daga hannunsa. Ya kife kai a kan jakarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutane suna wucewa da kayansu.

Jama'a, abin da ya yi aiki a farantin masu bincike bai zama magani ba tukuna, ko daga wace ƙasa ya fito. Kada ka sa mara lafiya ya ajiye maganin likita saboda rabin bayanin da ka ji, musamman wanda ya yarda da kai har ba zai yi maka musu ba.