Murjanin da Ya Yi Fari

Sagiru, Balaraba, Tasi'u, ku matso ku zauna. Ke Balaraba, kife wayar nan. Misali zan ba ku, kuma ba na son a katse ni.

An yi wata mata da mijinta ya daɗe yana aiki a bakin teku, can ƙasar Sudan. Da ya dawo gida, abin da ya zo da shi murjani ne. Ba irin wanda muke ratayawa a wuya ba, wancan gawarsa ce. Nasa mai rai ne, a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da fitila a sama, da ɗan inji mai juya ruwa. In ka gan shi sai ka ce reshen itace, ja-ja da kore-kore, jikinsa duk ƙananan bakuna suna buɗewa suna lilo. Mutumin ya yi shekaru yana kiwonsa, sannan Allah ya yi masa rasuwa. Ba su taɓa haihuwa ba. Cikin duk abin da ya bari, murjanin nan ne kaɗai mai rai wanda hannunsa ya raina.

Bazara ta shigo, aka yi ta ɗauke wuta, ruwan ya ɗumama. Wata safiya matar ta leƙa, ta ga bakunan sun tsuke, launi ya dusashe. Gabanta ya yanke ya faɗi, irin faɗuwar da ya yi ranar da mijin ya kasa tashi daga shimfiɗa. Ta aika aka kira abokin marigayin, wanda suka yi zaman teku tare. Ya duba ya ce zafi ne. Ya haɗa injin da batir, ya juya fanka tana hura saman ruwan, ya ce, "Shi ke nan, ki bar shi. Wannan halitta ba ta son canji, ko da na alheri ne. Sai an jira."

To, jiran ne ya gagare ta. Mai tsoro ba ya iya naɗe hannu. Ta ja kujera ta zauna gaban gilashi, ta kasa cin abinci, ko ƙiftawa ta yi sai ta ga kamar ya ƙara koɗewa. Washegari bai buɗe ba. Yayarta ta zo ta ce ai ruwan ne ya tsufa, suka kwashe rabi suka cika da na rijiya. Maƙwabciya ta ɗanɗana ta ce ruwan ya yi salam, aka zuba gishirin miya. Wani ya ce tunda zafi ne a jefa ƙanƙara, aka jefa. Wata ta ce wane tsiro ne ke rayuwa babu rana, aka ja akwatin bakin taga. Har ɗan guntun kanwa sai da ya shiga. Kowa da zuciya ɗaya ya zo, ba mai nufin sharri a cikinsu. Ita kuwa duk wanda ya buɗe baki sai ta bi, don tana tsoron a ce akwai abin da ya kamata ta yi ba ta yi ba.

Ana nan, sai ta wayi gari murjani ya yi fari fat, kamar an wanke shi da sabulu. Yayar ta rangaɗa guɗa, ta ce dauɗa ta fita, ya warke. Matar ta so ta yarda, amma hancinta ya ji wani ƙarni. Ta tsoma hannu, ta shafa reshe ɗaya, naman ya saluɓe ya biyo yatsanta kamar yauƙin kuɓewa. Abin da ya rage ƙashi ne. Farin da suke wa guɗa likkafani ne. Zafin da ya fara kama shi, da shi kaɗai ne, da ya bar shi da rai. Magani ne ya ƙarasa shi.

Yanzu ku waiwaya ɗakin can. Ubanku ke kwance. Likita ya ba shi ƙwaya, ya ce a jira ta yi aiki. Kai Sagiru ka kawo wata daga kemis, ka ce ta fi ƙarfi. Ke kin jiƙa masa sassaƙe a kwalba. Shi wannan Tasi'u yana neman mota a kai shi wani asibitin a wani gari, mutumin da ko zama ba ya iya yi. Na san tsoro ne, ni ma ina ji, na kuwa riga ku saninsa. Amma jiya na ga hannunsa yana karkarwa bayan ya sha abu uku a jere, kuma ban ji daɗin hasken da fuskarsa ta yi ba.

Ba mai fita daga gidan nan sai kun tsai da magana. Ku zaɓi likita ɗaya, ku zaɓi hannu ɗaya da zai riƙa ba shi magani, sauran ku kwashe kwalabenku ku riƙe tasbaha. Ban yi rainon miji shekara da shekaru don 'ya'yansa su kashe min shi da ƙauna ba. Hausawa sun gama magana tun kafin a haife ku: garin neman gira a kan rasa ido.