Ƙafar da Ke Kan Kuloci

Kai da kake cewa wanda ya mutu ya tafi da maganarsa, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomi mai tsohuwar tarakta. Shekara ashirin da ɗoriya direba ɗaya ke ja masa ita, wani siririn mutum wanda shan inna ya karkatar wa ƙafar hagu, har ya zama da gefen ƙafa yake taka kuloci. Tsabar daɗewa, ƙarfen matakin ya suɗe ta gefe guda, ya ɗauki siffar ƙafarsa. Tsakaninsu ba takarda ba shaida, sai al'ada ɗaya: duk shekara in ruwan shuka ya sauka, 'yar gonar direban ake fara yi wa huɗa, sannan a wuce ta maigida. Ana cikin bazara direban ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa, ya bar mace da 'ya'ya mata uku. Da ruwa ya sauka, manomin ya hau taraktarsa da kansa. Ya san gonar marayun tana jira, amma ya ce a ransa ai da mai rai ya yi alkawari, bai yi da kabari ba. A hanya akwai wata mararraba kusa da wani jan suri, hagu gonar mamaci, dama tasa. Yana karya sitiyari dama sai inji ya ɗauki kuka, hayaƙi ya turnuƙe, tayoyi kuwa ko gezau, ga ƙaurin ƙuna yana tasowa daga ƙarƙashin kujera. Da ya juya ta gida, lafiya lau ta tafi. Bakanike ya zo ya saurara, ya ce kuloci ne ya cinye.

Wanda ya san tarakta ya san ba a kai hannu ga kulocinta sai an raba ta gida biyu. Aka tokare gabanta da kututture, aka kwance kusoshin tsakiya, majiya ƙarfi suka tura bayan, ta buɗe a ƙofar gida kamar bijimin da aka feɗe. Bakanike ya zaro tsohon faifan kulocin, ya sa sabo dal, ya daidaita shi, aka sake haɗa ta. Manomin ya sa aka cire har matakin nan da ya suɗe aka ɗaura sabo, don ya tsani ganinsa. Duk da haka, kullum ya kai mararraba sai ta cije, ya yi ta ba ta wuta har ya gaji ya komo. Kwana tara aka sake raba ta. Bakanike ya ɗaga faifan a rana, ya ga ya cinye har ƙusoshinsa sun fito, ya ce, "Alhaji, wannan ba cin aiki ba ne, cin ƙafa ne. Wa ke ɗora ƙafa a kai?" Manomin ya rantse shi kaɗai ke hawa. Bakanike ya duƙa ya shafa sabon matakin, ya tarar ya fara sulɓi ta gefe guda, daidai inda tsohon ya suɗe. Ya haɗa taraktar, ya tattara kayansa ya ce kada a sake aika masa.

Washegari da rana tsaka, lokacin da ba kowa a hanya ko tsuntsu ba ya kuka, manomin ya fita, ya naɗe ƙafarsa ta hagu a kan kujera don ya cire wa kansa shakka. Ya isa gindin suri, ya karya dama, idonsa na ƙasa. Yana kallo matakin ya fara sauka a hankali, yana ɗan karkata gefe, har ya taɓa ƙasa, ba ƙafar kowa a kai. Tsoro ya kama shi sosai, gashin jikinsa ya miƙe, amma taurin kai bai sake shi ba. Ya ce aljani ne a jikin ƙarfe, ya sayar da taraktar ga wani mutum can wata ƙasa mai nisa, ya kawo wata. Labari ya zo masa cewa tsohuwar tana can tana huɗa kamar yau aka ƙera ta. A lokacin geron maƙwabta ya kai gwiwa, tasa gonar kuwa ciyawa ta rufe ta ruf. Ya hau sabuwar, wadda mamacin bai taɓa ko gani ba, ya isa mararraba, ya karya dama, mataki ya sauka. Ya daɗe zaune, gumi na zuba, inji na kuka a banza. Daga nan ya juya sitiyari hagu, sai matakin ya ɗago sannu sannu, irin ɗagowar ƙafar da ta san aiki, tarakta ta ja. Ya tarar da matar mamacin da 'ya'yanta sun sassabe ɗan lungu da fartanya, hannuwansu duk sun yi kanta. Ya yi musu huɗa har faɗuwar rana. Tasa gonar ba ta ga shuka ba a wannan shekara, don ruwan shuka ba ya jiran kowa.

Ka ga ya canza faifai, ya canza mataki, ya canza tarakta ɗungurungum, abin bai rabu da shi ba, don tun farko ba a jikin ƙarfe yake ba. Shi ya sa Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.