Mai Gadin Dam da Zaƙami

Ka tambaye ni, Malam, ko kimiyya na iya raba abin da yake akwai da abin da ƙwaƙwalwa ta ƙaga. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai gadin dam a wani gari da ke kwance a gangaren dam ɗin. Wata safiya cikin marka, bayan kwana uku ana tafka ruwa, ya sha furar da aka daka da geron da ƙwayar zaƙami ta shiga ba a sani ba. Wajen hantsi sai ga shi a guje cikin kasuwa, ba takalmi, yana ihu cewa giwaye na saukowa daga gajimare, kuma dam na zubar da jan ruwa a gindin tsamiya. Ƙarti huɗu suka danne shi, suka kai shi wurin malamar asibitin garin. Ta haska idonsa, ta ga baƙin ya baje. Ta taɓa jikinsa, zafi rau, ba ɗigon gumi, bakinsa a bushe, zuciya na dukan tara-tara. Ta sa aka kawo ragowar geron, ta baza a faifai, ta tsinto ƙwayoyin zaƙami. Awonta bai yi ƙarya ba. Mutane suka yi ajiyar zuciya, suka ce ashe maye ne, kowa ya koma kan kayansa.

Ita kuwa tana zaune kusa da gadon da aka ɗaure shi, tana jin sambatunsa. Giwayen suka koma raƙuma, raƙuman suka koma matattun danginsa suna cin kasuwa a jikin bango. Komai na sauyawa, ban da abu ɗaya: jan ruwa, gindin tsamiya, hannun dama da ƙofar sakin ruwan dam. Sau bakwai ya faɗa, wurin bai matsa ba. Idan ta tada gari a kan maganar mai maye, ta zama abin dariya har ta bar garin. Idan ta yi shiru, gidaje ɗari ne a ƙasan dam ɗin, har da ɗakin da majinyatanta ke kwance. Ta ɗaure zani, ta hau gangaren cikin taɓo, hadari na sake haɗowa. A gindin tsamiyar ta tarar da ruwa ja yana ɓulɓulowa daga jikin dam, kaurin damtse, alamar yana cin ƙasarsa. Ta kafa kara a bakin ramin da ruwan ke fitowa, kafin ta ƙirga ɗari ƙasa ta zabtare ta tafi da karan. Ta sauko tana kiran mai unguwa tun daga nesa: "Ranka ya daɗe, a kwashe mutane, yanzu!" Aka buɗe ƙofar ruwa don a rage shi, aka fitar da mutanen unguwar gangare. Bayan la'asar gefen dam ɗin ya ɓalle, ruwa ya share lambuna da gidaje tara, ba kowa a cikinsu.

Rana ta uku mai gadi ya dawo hayyacinsa, bai tuna giwa ba, bai tuna jan ruwa ba. Awon farko ya faɗi abin da ke jikinsa, bai ce komai a kan gindin tsamiya ba, wannan sai da malamar ta taka ta auna shi daban. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ruwa ba ya tsami banza.